Babi na Bakwai: Daga Tsintsiya Zuwa Ƙarfen Jirgin Sama

Duk wanda ya taɓa shiga ofishin gwamnatin tarayyar Amurka, ko barikin soja, ko gidan waya, da wuya bai riƙe wani siririn baƙin biro ba, irin wanda ake dannawa a ka, mai zoben ƙarfe a tsakiya, da sunan gwamnatin ƙasar rubuce da fari a jikinsa. Skilcraft ake kiransa. Tun shekarar 1968 makafi ne ke haɗa shi, a masana'antun da ke biranen Greensboro da Milwaukee da Kansas City.

Yadda aikin ya faɗo hannunsu abin lura ne. Hukumar da ke yi wa gwamnati sayayya ta karɓi miliyoyin birori daga wani ɗan kwangila, aka tarar ba sa rubutu yadda ya kamata. Dama tana da ƙa'idoji har shafi 16 da ta rubuta a kan biron da take so. Dole ya yi rubutu mai tsawon mil ɗaya, wato kilomita 1.6, ba tare da ya tsaya ko ya yi dabbare ba. Dole ya yi aiki a sanyin da ya kai digiri 40 ƙasa da sifili, da zafin da ya haura digiri 70 a ma'aunin Salshiyos. Daga nan ta miƙa wa ƙungiyar masana'antun makafi odar biro miliyan 70. Ba a rage musu ko layi ɗaya daga ƙa'idojin nan don suna makafi ba, kuma sun cika su.

A babin da ya gabata mun tsaya a kan makaranta, yadda yaro makaho yake koyon karatu da yatsunsa. Tambayar da ke biye ita ce wadda kowane uba yake yi a zuci: in ya gama, wa zai ɗauke shi aiki? Amurka ta shafe fiye da shekara 80 tana gwada wata amsa a fagen ƙere-ƙere. Amsar ta yi nasara a wasu wurare, ta yi zalunci a wasu, kuma duka biyun suna da abin koya mana.

Sana'a ba kasuwa

Tun 1840 makarantar makafi ta Perkins, da ke Boston a lokacin, ta buɗe ɗakin sana'a domin ɗalibanta da suka gama karatu suka rasa mai ɗaukarsu. Wasu garuruwa suka kwaikwaya. Cikin shekarun da suka biyo baya, kusan duk inda aka tara makafi don sana'a, abu iri ɗaya ake koya musu: ɗaurin tsintsiya, yin burushi, ɗinkin katifa, saƙar kujera da kwando. Sun iya, ba wanda ya yi musu a kan haka. Matsalar ita ce wurin sayarwa.

Tsintsiyar makaho tana shiga kasuwa ta tarar da tsintsiyar da fursunoni suka ɗaura a gidan yari, wadda ba a biya kowa ladan kirki a kanta ba, ga kuma ta manyan kamfanoni masu injuna. Sai ya zamana ana bi gida-gida ana tallar kayan makafi da muryar neman taimako, mai saye yana saye don tausayi. Cinikin tausayi kuwa ba ya ɗorewa. Da tattalin arzikin Amurka ya durƙushe daga 1929, masu tausayin kansu suka shiga neman na sawa a bakin salati, ɗakunan sana'ar makafi suka cika da kayan da ba mai taya su.

A nan ne wasu jagorori, cikinsu har da Robert Irwin na Gidauniyar Makafi ta Amurka, wanda shi kansa makaho ne, da Peter Salmon na gidan sana'ar makafi da ke Brooklyn, suka yi wani tunani mai sauƙi. Gwamnatin tarayya tana sayen tsintsiya da abin goge daɓe dubbai kowace shekara don ofisoshinta da barikokinta. Kuɗin nan za a kashe su ko ta yaya. Me zai hana a saya daga hannun makafi?

Sanata Robert Wagner da 'yar majalisar wakilai Caroline O'Day, dukansu daga jihar Niyok, suka ɗauki ƙudurin. Ranar 25 ga Yuni, 1938, Shugaba Franklin Roosevelt ya sa masa hannu. Dokar ta kafa kwamiti da zai riƙa fitar da jerin kayayyaki ya kuma yanke musu farashin da ya dace da kasuwa. Duk abin da ya shiga jerin, wajibi ne ma'aikatun gwamnati su saye shi daga masana'antun makafi waɗanda ba don riba aka kafa su ba. A wannan shekarar aka kafa National Industries for the Blind, uwar ƙungiyar da ke rarraba odar gwamnati tsakanin masana'antun. Akwai kuma sharaɗin da ya zama ƙashin bayan tsarin: kashi 75 cikin ɗari na sa'o'in aikin hannu kai tsaye dole makafi ne za su yi su. Wannan ya toshe hanyar wanda zai ajiye makaho ɗaya a bakin ƙofa ya karɓi kwangila da sunansa.

Yaƙin Duniya na Biyu ya faɗaɗa odar ƙwarai, domin soja yana bukatar rigar matashi da katifa da jaka ba adadi. A 1952 aka fito da tambarin Skilcraft don a san kayan da ingancinsu. A 1971 Sanata Jacob Javits ya jagoranci gyara dokar, aka shigar da masu sauran manyan nakasa, aka kuma haɗa da ayyukan hidima ban da ƙira. Tun 2006 ake kiran shirin AbilityOne. Yau mutum fiye da 35,000 ke cin abinci a ƙarƙashinsa, cinikinsa kuma yana kaiwa kimanin dala biliyan 4 a shekara.

Yadda hannu yake gani

Mai ido yakan ɗauka cewa da ido yake yin duk abin da yake yi. Shi ya sa idan aka ce masa makaho yana tuƙa injin yankan ƙarfe, sai ya runtse idonsa ya ƙiyasta kansa a gaban injin, tsoro ya kama shi. Ƙiyasin nan kuskure ne ta fuska biyu.

Na farko, yawancin waɗanda doka ta kira makafi suna da sauran gani. A Amurka, makaho shi ne wanda, ko da tabarau, sai ya matso ƙafa 20 kafin ya ga abin da lafiyayyen ido ke hangowa daga ƙafa 200, ko wanda faɗin ganinsa bai wuce digiri 20 ba, kamar mai leƙe ta cikin bututu. Irin wannan ma'aikaci yakan wadatu da fitila mai ƙarfi, da allon da ke ƙara girman rubutu, da teburin da launinsa ya saɓa da na kayan da ke kansa. Na biyu, wanda ba ya gani ko kaɗan ya shafe shekaru yana koyon abin da mai runtse ido bai taɓa koya ba.

Henry Ford ya gano wani ɓangare na wannan tun da wuri. Ya sa an ƙirga ayyukan da ke masana'antar motocinsa aka sami iri 7,882, aka kuma tantance cewa 10 daga ciki makaho zai iya yinsu. A littafin tarihin aikinsa da ya fito a 1922 ya ba da labarin wani makaho da aka sa ƙirga ƙusoshi da notoci tare da masu ido biyu. Bayan kwana biyu shugaban sashen ya nemi a canza wa biyun wurin aiki, domin makahon yana gama nasa ya haɗa da nasu. Amma a lura da adadin: 10 kacal cikin kusan dubu takwas. Masu ido ne suka yi ƙirgar, kuma sun auna makaho ne da masana'antar kamar yadda take tsaye, ba tare da an taɓa ko da maɓalli ɗaya ba. Abin da masana'antun makafi suka ƙara a kai shi ne gyara wurin aikin kansa.

Ɗauki ɗinki. Tela mai ido yana bin layi da kallo. A masana'antar da makafi ke ɗinka kayan soja, ana ɗaura wa keken wani ɗan ƙarfe a gefen allura wanda bakin yadi zai riƙa bi, sai yatsa ya ji ko yadin ya kauce. Ana sa kariya a gaban allurar. Ana yanka ƙananan tsagu a gefen yadi don a san inda aljihu zai zauna da inda hannu zai haɗu da kafaɗa. Ɗauki haɗa biro ko agogon bango, irin wanda Chicago Lighthouse ke yi wa ofisoshin gwamnati a Shikago. Kowane ƙaramin ɓangare yana da kwanonsa, kwanon kuma ba ya barin mazauninsa. Ana yin mazaunin katako ko na ƙarfe wanda kayan ba zai shiga cikinsa ba sai ta fuskar da ta dace, don haka ba a iya haɗa shi a juye. Wurin ƙirga, sikeli mai magana yana faɗin adadi daga nauyi. A ƙasa akwai layi mai kaushi da ƙafa ko sanda za ta bi, kuma ba a yarda kowa ya bar kwali a kan hanya ba.

Ƙololuwar abin tana birnin Seattle. Lighthouse for the Blind, wadda aka kafa a 1918, tana ƙera wa kamfanin Boeing sassan jiragen sama tun shekarun 1950. A nan makaho yana tsayawa gaban injin da kwamfuta ke sarrafawa, manhaja tana karanta masa abin da ke kan allo ta cikin kunne, ko ta fito masa da shi a rubutun makafi ƙarƙashin yatsunsa. Idan ya yanka ƙarfe, yana auna kaurinsa da ma'auni mai furta lamba. Yatsa yana gano kaushin bakin ƙarfe da ido kan tsallake, kunne yana jin sauyin kukan injin idan wuƙa ta fara dakushewa. Cikin ma'aikatan wurin akwai waɗanda suka haɗa makanta da kurumta, ana magana da su da alamun hannu a cikin tafinsu. Kamfanin jirgi ba ya karɓar ƙarfe don tausayi, domin rayukan fasinjoji ne a kai. Sashen da ya kauce wa awo, komawa yake yi, ko wane ne ya ƙera shi.

Injiniyoyi sun lura da wani abu kuma. Yawancin gyare-gyaren nan ba su da tsada, kuma mai ido ma yana amfana da su. Mazaunin da ya hana makaho haɗa kaya a juye yana hana gajiyayyen mai ido yin wannan kuskuren. Hanyar da ba a barin kwali a kanta ba ta ka da kowa.

Inda aka ci guminsu

Zai zama rashin adalci a tsaya a nan. A ranar da Roosevelt ya sa hannu a dokar sayen kayan makafi, 25 ga Yuni, 1938, ya kuma sa hannu a dokar ƙwadago da ta kafa mafi ƙarancin albashi a faɗin ƙasar. Cikin wannan doka ta biyu akwai sashen da ya ba da dama a biya mai nakasa ƙasa da mafi ƙarancin albashin, gwargwadon saurin aikinsa idan aka kwatanta da na lafiyayye. An ce an yi haka ne don kada a ƙi ɗaukarsu. Abin da ya haifar shi ne makafi da yawa suka tsufa a bakin tebur ɗaya suna karɓar ladan da ba zai riƙe gida ba, alhali manajoji da masu duba aiki, kusan dukansu masu ido, suna karɓar cikakken albashi. Sharaɗin kashi 75 ma yana da nasa illar: aikin hannu kawai yake ƙirgawa, don haka masana'antar da ta ɗaga makaho zuwa kujerar shugabanci ta rage wa kanta lissafi.

Makafin da kansu ne suka ɗaga murya. A 1940 aka kafa Tarayyar Makafi ta Ƙasa a garin Wilkes-Barre na jihar Pennsylvania, ƙarƙashin Jacobus tenBroek, makaho masanin shari'a wanda daga baya ya zama farfesa a jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley. Ƙungiyar ta shafe shekaru tana nanata cewa ɗakin sana'a da aka keɓe yana iya zama kurkuku mai ladabi, kuma abin da makaho ke nema shi ne albashi daidai da na kowa, da 'yancin shiga ƙungiyar ƙwadago, da ƙofar kowace masana'anta a buɗe. Dokar Amurkawa Masu Nakasa ta 1990 ta haramta ƙin ɗaukar wanda ya cancanta saboda nakasarsa, ta kuma wajabta wa mai ɗaukar aiki yin gyaran da bai fi ƙarfinsa ba. Sai a 2022 hukumar AbilityOne ta haramta biyan ƙasa da mafi ƙarancin albashi a duk kwangilolinta. Shekara 84 ke nan bayan dokar farko. Duk wanda ya yi aiki ya mutu a tsakanin nan, ba mai mayar masa da haƙƙinsa.

Rauni na biyu shi ne dogaro da mai saye guda. A garin Winston-Salem na Carolina ta Arewa, IFB Solutions, wadda aka kafa a 1936, tana cikin manyan masu ɗaukar makafi aiki a Amurka, kuma makafinta suna yanka gilashin tabarau suna haɗa wa 'yan mazan jiya. Bayan wani hukuncin Kotun Ƙoli na 2016 da wani na kotun ɗaukaka ƙara a 2018, aka tabbatar cewa ma'aikatar 'yan mazan jiya za ta fara fifita ƙananan kamfanonin tsofaffin sojoji a sayayyarta. A 2019 kwangilolin tabarau suka fara suɓucewa, ma'aikatan da ba su yi laifin komai ba suka wayi gari aikinsu na lilo. Sai da majalisa ta yi sabuwar doka a 2020 kafin aka kare kwangilolin da suka daɗe a jerin. Mai rawa da bazar wani, ranar da mai bazar ya karɓi kayarsa rawa ta ƙare.

Duk da tsawon tarihin nan, kusan rabin Amurkawa masu larurar gani da ke cikin shekarun aiki ba sa aikin albashi. Masana'antun da muka ambata dubbai suke ɗauka, masu nema kuwa sun ninka haka nesa ba kusa ba.

Abin da ya shafe mu

A ƙasar Hausa ba a taɓa rasa makaho mai sana'a ba. An san su da tufkar igiyar rama, kuma suna da tsarin shugabancinsu ƙarƙashin Sarkin Makafi a garuruwa da dama. Abin da ya sami tsintsiyar makafin Amurka shi ya sami igiyarsu: ta roba ta shigo da araha, kasuwa ta ƙaura ta bar su. 

Yawansu ba kaɗan ba ne. Binciken makanta na ƙasa da aka yi a Nijeriya tsakanin 2005 da 2007 ya nuna cewa kashi 4.2 cikin ɗari na masu shekara 40 zuwa sama makafi ne, wato mutum fiye da miliyan ɗaya, kuma abin ya fi tsanani a arewa. Yanar ido ce kan gaba, sai hawan jinin ido. Da yawansu sun rasa ganin ne bayan sun riga sun iya sana'a: tela, makaniki, maƙeri, mai aikin masaƙa. Ƙwarewar tana nan a hannunsu. Abin da aka yi musu shi ne an ce su je gida su huta.

A Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar haramta nuna wa masu nakasa bambanci, wadda ta tanadi aƙalla kashi 5 cikin ɗari na guraben aikin gwamnati dominsu. Mataki ne mai kyau, sai dai kujerun ofis ƙalilan ne, kuma mai takardar makaranta suke nema. Aljihun sayayyar gwamnati ya fi su faɗi. Kowace jiha tana sayen alli, da kayan makaranta na ɗalibai, da katifun makarantun kwana, da zannuwan gadon asibiti, da sabulu, da tsintsiya, da ambulan da fayil. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya kai sashen jirgin sama wuyar ƙira. Muna kuma da cibiyoyin koyar da makafi sana'a waɗanda ke yaye mutane su ba su takardar shaida, su sallame su cikin kasuwar da ba ta san da zamansu ba.

Idan wata jiha ta ware ko da kaya uku daga jerin sayayyarta ta ce daga masana'antar makafi za a saye su, tarihin Amurka ya riga ya nuna mata ramukan da za ta kauce wa. A rubuta ƙa'idar inganci a tsaya a kanta, domin sayen kaya maras kyau don tausayi bara ce da aka canza wa riga, kuma ranar da kasafi ya yi ƙunci ita za a fara yankewa. A biya cikakken lada tun ranar farko, kada a jira shekara 84. A sa ido kan wanda ke yin aikin da gaske, don kada ɗan kwangila ya ari sunan makafi ya shigo da kaya daga waje. A buɗe musu hanyar zama masu duba aiki da akantoci da manajoji. A biya su kuɗin kayansu a kan lokaci, domin ƙaramar masana'anta ba ta iya jiran shekara guda tana bin gwamnati bashi. Sannan tun da wuri a nemo musu masu saye a kasuwa ban da gwamnati.

Masu masana'antu na Kano da Kaduna da sauran garuruwa su ma ba sai sun jira doka ba. Mai kamfanin roba ko sabulu ko takalma zai iya zagaya sashen haɗa kaya da na zubawa a kwali tare da makaho ƙwararre, ya tambaye shi wanne daga cikin ayyukan nan zai iya, kuma me za a gyara kafin ya iya. Ford ya tambayi masu ido ya sami 10. Wanda ya tambayi makafin da kansu zai sami adadin da ya fi wannan ƙwarai, kuma zai sami ma'aikatan da suka daɗe suna jiran a yi musu wannan tambayar.